Awon da Baba Bai Rufe Ba

Ksar Tilmas,
4 ga Oktoba.

Zuwa ga ƙanena Tayeb,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Ya aiki, ya zafin sansani? Mu nan lafiya lau, sai kewarka. Baba yana sa maka albarka. Matarka Nawal tana gaishe ka. 'Yarka Rim kuwa haƙori biyu ta fitar a ƙasa, duk abin da ta samu sai ta gartsa masa cizo, har da yatsana.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Na gaji da wayarka ne. In na kira sai ka ce, "Lafiya lau, Yaya, ina kan tuƙi," ka kashe. Takarda dai ba ta da wurin kashewa. Buziyan, mai kai muku kayan miya sansanin kamfanin gas, ya ce zai damƙa maka ita hannu da hannu.

Ruwa ya ragu, Tayeb. Ba irin raguwar da muka saba gani da rani ba. Fuggararmu, hanyar ruwan nan da kakanni suka haƙo ta ƙarƙashin ƙasa tun daga gindin tudu, wadda ko a shekarar babban fari ba ta ba mu kunya ba, yanzu da ƙyar take rufe idon sawu. Ranar Litinin Baba ya ɗauki farantin awo ya tafi kasriya, dutsen rabon nan mai haƙora irin na matsefi da ka sha zamewa a kansa kana ƙarami. Masu rabo duka goma sha bakwai suka kewaye shi. Ya datse bakin ruwa da laka, ya kafa farantin tagullar, ya yi ta toshe huda yana buɗewa har ruwa ya tsaya cak a kan layi. Bara huda arba'in da biyu ruwan ya cika. Bana talatin da ɗaya. Ya sake, talatin da ɗaya.

Sai ya bi haƙoran kasriya ɗaya bayan ɗaya, ya rage wa kowane gida daidai da rabonsa, ya fara da namu. Da ya gama ya durƙusa ya kamfaci ruwa da tafin hannu daga rabon kowa ya sha, kamar yadda ubansa da kakansa suka yi, tun da awo ba ya rufuwa sai mai awo ya sha abin da ya raba. Sau goma sha bakwai ya sha, aka shafa fatiha. Ana shirin watsewa sai Lakhdar, mai lambun gabas, ya gyara rawaninsa ya ce, "Si Belkasim, ruwa dai ba ƙafa gare shi ba. In bai zo nan ba, wani ne ya kai shi wani wuri." Baba ya goge farantinsa ya naɗe a tsumma.

Tun ranar kowa ya zama ɗan sanda. In ka bi ta kasriya da safe za ka tarar da dattijo a tsugune yana leƙen haƙorin maƙwabcinsa, wai ko an kankare shi. Kada in yi maka ƙarya, ni ma ina da wadda nake zargi. Mas'uda ta bayan gidanmu. Albasar kowa ta yi laushi, tumatirin kowa ya zubar da fure, amma na'ana'arta shar da ita kamar an shafa mata mai. Ina ta samo? Ina nan ina kallonta, kuma ta san ina kallonta.

Af, mun ga saƙo. Katan shida na ruwan roba. Ɗan mai awon ruwa, jikan mai awon ruwa, yana aiko wa gidan ubansa ruwan kanti. Lallai an waye. Na tambayi Nawal na mene ne, ta ce na Rim ne, likita ya ce. Na ce wane likita, tun da ni ke raka ta asibiti? Sai ta tuna ta bar kuskus a kan wuta.

Wani abu kuma, ƙananan kifayen nan da ke bakin fuggara, waɗanda kake kamawa da hularka Inna tana zaginka, na kwana biyu ban gan su ba. Wataƙila sun bi ruwa sun koma ciki.

Na ba Buziyan dabinon fari na bana da garin shayi. Ka ci, ka ba abokan ɗakinka. Ka rubuto ko layi biyu ne.

Taka,
Yaya Yamina.

Ksar Tilmas,
21 ga Oktoba.

Ƙanena Tayeb,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Buziyan ya ce ka karɓi takardata, ka karanta a tsaye, ka ninke ka sa a aljihu, ka ce a gaishe ni. Na amsa. Rim lafiya. Baba kuwa da sauƙi, zan zo kan maganarsa.

An yi gayya makon jiya. Maza suka bi rijiyoyin fuggara ɗaya bayan ɗaya, suna sauka da igiya suna duba ko wani wuri ya rufta ya toshe hanya. Ba abin da ya rufta. Hanya fes take, ruwan ne babu. Da suka kai uwar rijiya, can sama kusa da busasshen rafi, mutum biyu suka sauka, ba su jima ba suka girgiza igiya a jawo su. Suka fito idanu jawur, ɗaya yana amai. Sun ce wari ne a ƙasa kamar ruɓaɓɓen ƙwai da aka zuba wa kananzir. Ka tuna ruwan saman da aka yi a watan jiya, wanda ya sa rafin ya yi gudu na yini ɗaya? Makiyaya sun ce raƙuma uku da suka sha a kwamin da ya bari ba su kai sati ba.

Ka ce mutane za su ɗaga kai su dubi inda ya kamata? Ina. Mu dai in ruwa ya ragu, maƙwabci muka sani, in ba maƙwabci ba mai awo. Da aka gama leƙen haƙoran juna ba a kama kowa ba, sai magana ta juyo kan Baba. Wai ya sa magagari ya faɗaɗa hudojin faranti, yana auna wa mutane ƙarya, ragowar ruwan kuma ya sayar wa kamfanin da ɗansa ke yi wa tuƙi. Lakhdar ne uban maganar. A bakin masallaci ya ce, "Ai gida ya haɗu, uba na awo, ɗa na jigila." Aka yi dariya. Mutumin da shekara talatin da takwas yana raba musu ruwa, ko ƙwayar dabino bai taɓa karɓa a hannun kowa ba. Da na ji, sai da na ajiye ludayi na zauna.

Yanzu sun ce a riƙa yin awo duk Litinin a kan idonsu. Baba ya ce to. Ka san me wannan ke nufi. Duk Litinin sai ya durƙusa ya sha sau goma sha bakwai, ban da wanda yake sha a gida. Cikinsa yana murɗa masa. Bayan hannuwansa sun yi ƙuraje har gwiwar hannu, daidai inda yake tsomawa. Shayi ma kofin farko kawai yake iya sha, shi da sai ya ga ƙarshen na uku yake tashi.

Maganar Mas'uda kuwa, na ji kunya. Na faki idonta na leƙa ta katanga, sai na gan ta tana tace ruwan wanke-wanke da tsohon mayafi tana zuba wa na'ana'ar cokali-cokali. Ta ɗago ta ce, "Yamina, shigo ta ƙofa mana, katangar nan ba ta da ƙwari." Na rasa inda zan sa fuskata. Na kai mata dabino washegari, ta karɓa, amma ba ta ce in zauna ba.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Shekaranjiya da hantsi na shiga ɗakin Nawal neman almakashi, na same ta tana yi wa Rim wanka. Da ruwan roba, Tayeb. Tana buɗe gora tana juyewa a baho. Maganar sha na ji, na ce ko gatan 'yar fari ne. Amma wanka? Na rufe ƙofa na tsaya. Na ce, "Nawal, ni na yi miki lalle ranar aurenki, dube ni." Ta fashe da kuka. Ta ce ranar da ka zo hutu na ƙarshe ka sa ta rantse cewa ko ɗigon ruwan fuggara ba zai taɓa jikin yarinyar ba, ita ma kada ta sha tun da tana shayarwa, kuma kada ta gaya wa kowa, ko ni. Ta ce ta tambaye ka dalili ka daka mata tsawa.

Lokacin da ka sami aikin nan, kai da bakinka ka zauna a tsakar gida kana ba mu labari da alfahari, yadda ake ɗura ruwa da yashi da magunguna cikin ƙasa da ƙarfi har dutse ya tsage gas ya fito, sai ruwan ya dawo sama baƙi, a tara shi a manyan tafkuna. Na tambaye ka ina ake kai shi in tafkunan sun cika, ka ce, "Yaya, ke dai kin cika tambaya." Har yanzu na cika ta. Waɗanda suka je gayya sun ga sawun manyan tayoyi a bakin rafi, sama da uwar rijiya, inda babu hanyar mota. Tankarka me take ɗauka? Ina kake juye shi?

Ban ce kai ne ba. Allah ya sani ina addu'ar kada ya zama kai ne. Amma ka san wani abu, kuma tun watan jiya ka san shi.

Ina jiran amsa ta hannun Buziyan.

Yayarka,
Yamina.

Ksar Tilmas,
29 ga Oktoba.

Tayeb,

Ina gaishe ka, don Inna ba ta koya mini fara takarda babu gaisuwa ba. Ina fata kana lafiya.

Amsarka ta iso. Katan huɗu, an rubuta a jikin kowanne da hannunka, "Na Baba." Na juya su, na girgiza, na duba ƙarƙashi ko akwai takarda. Babu. Wato amsar ke nan. Da ka yi shiru gaba ɗaya da ya fi mini sauƙi, don da ina da sauran abin da zan yaudari kaina da shi.

Na buɗe gora ɗaya na zuba wa Baba a kofinsa. Ya kalli kofin, ya kalle ni, ya ce, "Wannan daga wane haƙori ya fito?" Na ce Tayeb ne ya aiko. Ya ce, "Allah ya yi masa albarka. Kai wa jaririya. Mai awo ba ya raba wa mutane wani ruwa ya koma gida ya sha wani." Ya tashi ya ɗebo a randa. Ka san shi, in ya faɗi magana ko bango ya fi shi saurin juyawa. Ya rame, Tayeb. Jallabiyarsa ta sallar bara yanzu kamar ta aro.

Bari in gaya maka abin da ban gaya wa kowa ba. Ranar Laraba, yana masallaci, na ɗauko farantin na kwance tsumman na kai shi rana, ina duba hudojin ɗaya-ɗaya ko zan ga sawun magagari. Ni, 'yarsa. Ban ga komai ba sai santsin hannun mutum uku. Na mayar na zauna na yi kuka. Abin da shirunka ya mayar da garin nan ke nan, har ni.

Dattawan jama'a sun yanke magana. Ranar Juma'a bayan an sauko, za a taru a kasriya. Sun aika wa mai awon ƙauyen da ke kudu da mu ya zo da farantinsa a gwada da namu. In an sami bambanci ko na ƙwayar alkama, za a karɓe farantin daga gidanmu. Na san ba za a samu ba. Amma na san mutanenmu, in faranti ya fita za su ce ai a can sama ya sayar, kuma Litinin ta zagayo ya sake durƙusawa.

Na san abin da kake tsoro. Aiki, da takardar da suka sa ka sa wa hannu, da waɗanda suka fi ka ƙarfi. Ban raina tsoronka ba. Amma ka zo ranar Juma'a. In ba ka zo ba, ni zan yi magana da abin da ke hannuna, kada ka ce ban gaya maka ba.

Yamina.

Ksar Tilmas,
1 ga Nuwamba.

Ƙanena, ɗan Innata, Tayeb,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kana lafiya, kuma da zuciya ɗaya na faɗa. Rim ta fara rarrafe jiya, ta nufi takalmanka da ke bakin ƙofa. Nawal ba ta yi mini magana, amma ta ce in gaishe ka.

Ba ka zo ba. Na tsaya a kan soro har aka yi kiran salla ina duban hanya. To ga abin da ya faru, gara ka ji daga gare ni kafin ka ji a bakin Buziyan da ƙari.

Gari duka ya fito, har matan da ba su taɓa taka kasriya ba. Baƙon mai awo ya kafa farantinsa, ruwa ya tsaya a ashirin da tara. Aka kafa na Baba, ashirin da tara. Ya ɗora farantin nan a kan wancan ya ɗaga su sama, rana ta ratsa hudojin duka babu wadda ta kauce. Ya ce, "Jama'a, wannan faranti ya fi nawa gaskiya, don nawa an taɓa yi masa gyara." Sai wani daga baya ya ce, "To ruwan fa, ina ya tafi?" Na ga kawuna sun fara juyowa wajen Baba kamar yadda na faɗa maka.

Ban jira ba. Na riga na loda katan ɗinka huɗu a baro na rufe da bargo. Na turo shi tsakiyar maza, na yaye bargon, na jera su a kan dutsen rabo, rubutunka yana kallon mutane. Wani dattijo ya ce, "Yamina, nan ba wurin mata ba ne." Na ce, "Kawu, ruwan da ake rabawa a nan mu ke dafa muku shi." Na faɗa musu abin da na sani, ban ƙara ba ban rage ba. Na ce ƙanena yana tuƙa tanka a kamfani. Ya hana a yi wa 'yarsa wanka da ruwan nan. Ya aiko wa ubansa waɗannan. Ubansa ya ƙi sha. Na ce wanda ya sayar da ruwa ya san abin da ke cikinsa, ba zai durƙusa duk Litinin ya sha sau goma sha bakwai ba. Ku dubi hannuwansa. Na kama hannun rigar Baba na naɗe. Bai hana ni ba, amma bai dube ni ba.

Wata mata ta fizge kofi daga hannun ɗanta. Mas'uda ta zo ta tsaya kusa da ni.

Baba ya sauke hannun rigarsa, ya bi haƙora ya daidaita wa kowa rabonsa a kan ashirin da tara, kamar ba abin da ya faru. Da ya gama ya durƙusa a haƙorin farko ya kamfato ruwa. Kafin ya kai baki, Lakhdar ya yi tsalle ya riƙe masa wuyan hannu. Lakhdar fa. Ruwan ya zube. Ya ce, "Si Belkasim, don girman Allah kada ka sha. Ni na faɗi maganar nan, ni na janye ta. Ka yafe mini." Baba ya ce, "Sake ni, Lakhdar, awo bai rufu ba." Lakhdar ya ce, "To ya zauna a buɗe." Dattawa suka ce ya zauna a buɗe. Tun da aka haƙa fuggarar nan ba a taɓa tashi daga kasriya ba a shafa fatiha ba sai ranar.

Jama'a ta cika gorori uku daga uwar rijiya an kai birnin In Salah a gwada, an ce sai an jira. An roƙi tankar gwamnati ta riƙa kawo na sha. Masu ilimin cikinmu sun ce ko sakamako ya fito, kamfani zai ce ba shi ba ne, sai in an sami wanda ya ga inda ake juyewa da idonsa. Ba wanda ya ambaci sunanka. Ba sai an ambata ba.

Na ɗauka Baba zai yi mini faɗa a gida, na shirya. Bai yi ba. Ya zauna a kan buzunsa da faranti a cinya har la'asar. Da na kawo masa shayi sai ya ce in zauna, ya ce in rubuta maka wannan yadda ya faɗa, kada in gyara:

"Gaya wa Tayeb ban yarda da maganar kwali ba. Kwali ba ya magana. Ni ban taɓa barin awo a buɗe ba, kuma ba zan mutu in bar shi ba. Ranar Litinin da hantsi zan koma kasriya in rufe. In ya zo ya tsaya a gaban mutane ya ce, Baba kada ka sha, ga dalili, to ba zan sha ba, kuma in an kore shi daga aiki lambuna ya ishe mu. In bai zo ba, na san ruwan lafiya lau ne, zan sha sha bakwai ɗina hankali kwance. Don ɗana ba zai san akwai guba a ruwa ya bar ni in sha ba."

Na ce, "Baba, ai ya riga ya bar ka wata guda." Ya ce, "Ke dai rubuta."

Na rubuta. Ni na tona maka asiri a gaban gari, kuma ko yau aka sake zan sake, amma ban yi barcin kirki ba daren jiya. Ni na goya ka lokacin da Inna ta kwanta ciwo, na san nauyinka tun kana tsumma. Ban san mutumin da ka zama a sansanin nan ba. Baba yana ganin ya sani.

Buziyan zai taso daga wajenku ranar Lahadi bayan azahar. Na ce ya bar maka kujerar gaba, kada ya ɗora mata kwandon kowa.

Allah ya tsare hanya.

Yayarka da ke jira,
Yamina bint Belkasim.